Tarkacen Jirgi a Duwatsun Sabaloka

A gidanmu akwai wani mutum da ba mu taɓa ganin ko hotonsa ba, amma ba a shafa addu'a sai an sa shi a ciki. Ƙanin kakana ne. Ya bar Kano da ƙafa da niyyar sauke farali a shekarar da aka fara yaƙin Hitila, wato 1939, yana saurayi, daga shi sai buta da buzu da 'yar jakar guzuri. Bayan shekara biyu wani mai dawowa daga Makka ya kawo saƙon baka, ya ce ya gan shi a Fashir yana aikin lebura a filin jirgin Turawa, yana tara kuɗin ƙarasa tafiya. Daga wannan saƙo ba a sake jin ɗuriyarsa ba. In muka tambayi kakata, sai ta ce, "Ya yi gabas," ta ja bakinta ta yi shiru.

Na tashi ina ɗaukar zancen filin jirgin nan a matsayin ƙarin gishiri irin na matafiya. Me zai kai filin jirgi Fashir a 1941, lokacin da ganin mota ma abin kallo ne a ƙauyukanmu? Ashe ni ne ban sani ba. Sai da aiki ya kai ni Sudan a watan Disambar 2019, don in naɗo shirye-shirye a kan Hausawan can, sannan na gane mai kawo saƙon bai yi ƙari ba ko na anini.

Wata ranar Juma'a da yamma, bayan mun taso daga kallon zikiri a hubbaren Shehu Hamad al-Nil a Umdurman, muka zauna wurin wata mai shayi ni da abokin da ke yi mini jagora, Bahaushe haifaffen can. Ina ba shi labarin ƙanin kakana, sai ya ajiye kofinsa ya ce, "Ai kuwa akwai wani dattijo ɗan uwanmu, masunci ne a Sabaloka. Ya san inda wani jirgin Turawa ya faɗi a kan dutse tun zamanin yaƙin. In kana da ƙafa, sai mu je." Na ce ina da ita. Na faɗi haka ne ina zaune a kan kujera, shayi mai na'ana'a a hannuna.

Kafin mu hau dutsen, ya kamata mai karatu ya san abin da ya kawo jiragen yaƙin Ingila wannan yanki, domin labarin ya ratsa ta ƙofar gidanmu.

Hanyar Takoradi

A ranar 10 ga Yuni 1940 Italiya ta shiga yaƙi a ɓangaren Jamus. Bayan kwana goma sha biyu Faransa ta miƙa wuya. Nan take Bahar Rum ta zama tarko ga jiragen ruwan Ingila, alhali sojojinta da ke Masar suna tsare da mashigin Suwez, suna buƙatar jiragen sama kamar yadda mai ƙishi ke buƙatar ruwa. In an ce a loda jiragen a jirgin ruwa a zagaya ta ƙarshen Afirka ta Kudu, tafiyar watanni ce. Sudan kanta ba ta tsira ba, don a ranar 4 ga Yuli 1940 sojojin Italiya daga Iritiriya suka kama Kassala.

Sai Turawan Ingila suka tuna da wata hanya da suka riga suka sani. A ranar 1 ga Nuwamba 1925 wasu jirage uku na sojan samansu, da suka taso daga Helwan kusa da Alƙahira suka biyo ta Kartum, suka sauka a Kano, zamanin Sarki Usman. Su ne jiragen farko da Kanawa suka gani da idonsu. Shugaban tafiyar wani hafsa ne mai suna Arthur Coningham. A 1936 kuma kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu da fasinja tsakanin Kartum da Kano. Saboda haka akwai 'yan filayen sauka a warwatse a kan hanyar, ko da yake yawancinsu fili ne kawai da aka share.

Dabarar da aka yi ita ce, a kwance jirgi a Ingila a zuba shi a manyan akwatuna, jirgin ruwa ya kawo shi tashar Takoradi a ƙasar da ake kira Gana yau, a haɗa shi a can, sannan matuƙi ya tashi da shi ya keta Afirka ta tsakiya har Masar. Abu ɗaya ya rage: tsakanin Maiduguri da iyakar Sudan ƙasar Faransa ce. Nijar ta bi gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus. Da Cadi ta bi sahu, da hanyar ta toshe. Sai gwamnan Cadi, Félix Éboué, baƙar fata ɗan asalin Guyana ta Faransa, ya bayyana a ranar 26 ga Agusta 1940 cewa shi yana tare da Janar de Gaulle. Wannan shawara ta mutum ɗaya ita ta buɗe ƙofa.

A watan Satumbar 1940 ayarin farko ya tashi daga Takoradi: jirage shida ƙirar Hurricane, da ɗaya ƙirar Blenheim a gaba. Haka tsarin ya ci gaba. Ƙananan jiragen mutum ɗaya ke ciki, ba shi da sukunin duba taswira yana tuƙi, don haka babban jirgi mai ɗauke da mai duba hanya shi ke ja gaba, saura na biye kamar 'yan tsaki da uwarsu. Zango na farko Legas, na biyu Kano. Daga Kano sai Maiduguri, sai Fort Lami wadda ita ce Njamena ta yau, sai Junaina, Fashir, Al-Ubayyid, Kartum. Daga nan a bi Kogin Nilu a yi arewa ta Wadi Halfa har Masar. Tafiyar kusan kilomita 6,000 ce, ana cinye ta a kwana shida in an yi sa'a. Matuƙan ba 'yan Ingila kaɗai ba ne, akwai 'yan Folan da yawa waɗanda Jamus ta cinye ƙasarsu. A 1941 Amurkawa suka shigo ta hannun kamfanin Pan American, suka faɗaɗa filayen, kuma filin Wadi Sayyidna da ke arewa da Umdurman ya zama babban zangonsu.

Zuwa watan Oktoban 1943 jirage sama da 5,000 sun bi wannan hanya. Jamusawa sun san illar da take yi musu. A watan Janairun 1942 wani jirginsu guda ɗaya ya ratso Sahara daga kudancin Libiya ya jefa bama-bamai a Fort Lami, ya ƙone ma'ajiyar man jirage. A hanyar komawa shi ma mai ya ƙare masa ya sauka a hamada, sai da aka yi kwanaki kafin 'yan uwansu su gano su. Duk da haka hanyar ba ta tsaya ba. Jiragen da suka kwana a Kano suna cikin waɗanda suka ba Ingila rinjaye a sama a yaƙin El Alamein a ƙarshen 1942. Wanda kuwa ke shugabancin rundunar saman hamada a lokacin, shi ne Coningham ɗin nan da ya sauka a Kano shekara goma sha bakwai kafin nan.

Sawun da jirgi ya bi

Duk Bahaushen da ya ji jerin garuruwan nan, Kano, Maiduguri, Fort Lami, Junaina, Fashir, Al-Ubayyid, ya san ba Bature ne ya fara jera su ba. Hanyar alhazai ce. Tun kafin a ƙera jirgi kakanninmu ke bin ta da ƙafa da jaki da raƙumi, su yada zango su yi noma ko ɗinki ko ga-ruwa, su tara guzuri su ƙara gaba. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yulin 1903, dubban jama'a suka bi ta suna hijira, har ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin da ake kira da sunansa a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da layin dogo ya iso Al-Ubayyid a 1912, sai mai hali ya hau jirgin ƙasa daga nan zuwa gaɓar Bahar Maliya, ya haye daga Sawakin. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, da yawa suka tsaya ƙwadago, shekara ta zama goma, goma ta zama zuri'a.

Dalilin da ya sa hanyar sama ta hau kan ta ƙasa ba boyayye ba ne. Inda rijiya take, nan gari yake. Inda gari yake, nan ake samun masu share fili, masu fasa dutse, masu mirgina durom ɗin fetur, masu ɗebo ruwa. Tsakanin Kano da Kartum kimanin kilomita 2,600 ne a miƙe. Jirgi na cinye su a kwana biyu, mai ƙafa kuwa yakan shekara bai kai ba. Amma jirgin ba zai sauka ba sai wani ya riga shi zuwa da ƙafa ya gyara masa wurin sauka. A cikin irin waɗannan masu gyara ne mai saƙo ya ga ƙanin kakana.

Hanyar ba ta da sauƙi ko ga na sama. Hazon hunturu yakan rufe ƙasa matuƙi ya kasa ganin gari yana bisa kansa. Da damina ga hadari mai tsawa. A Darfur ga Dutsen Marra da ya haura mita 3,000. A wajen Kartum ga habub, guguwar ƙura da ke tasowa kamar katanga ta mai da rana dare. Yashi na cin injin, zafi na tafasa mai. Har fenti fari aka riƙa shafa wa bayan wasu jiragen, don in sun faɗi a daji masu nema su hango su daga sama. Wanda ya ɓace a hamada kuwa, sai wani ikon Allah. Wani jirgin Amurka mai suna Lady Be Good da ya ɓata a Afrilun 1943 a hamadar Libiya, sai a 1958 aka hango shi, gawarwakin mutanensa kuma sai a 1960, sun yi tafiyar kilomitoci da ƙafa suna neman ruwa.

Hawan dutse

Muka bar Umdurman bayan sallar asuba a wata tsohuwar a-kori-kura. Da gari ya fara wayewa muka ratsa Karari, inda a ranar 2 ga Satumba 1898 bindigogin Kitchener suka kashe Ansaru kimanin 10,000 a safiya ɗaya, shi kuwa bai rasa ko mutum 50 ba. Abokina ya nuna mini 'yan tsaunukan da hannu, bai ce komai ba. Muka wuce ta gefen Wadi Sayyidna, wanda har yau sansanin sojan sama ne, don haka na tura rikodata cikin jaka na kama kaina. Can gaba muka bar kwalta muka shiga burji.

Sabaloka tana kimanin kilomita 80 arewa da Kartum. Nan ne Nilu, bayan Fari da Shuɗi sun haɗu a Mugran sun baje, yake matsewa ya kutsa tsakanin duwatsu masu duhun ja. Ita ce gangara ta shida a lissafin da ake farawa daga Aswan. A wancan lokaci mutanen Kartum kan je can ranar hutu su hau kwalekwale su ci soyayyen kifi. Jirgin da ya tashi daga Kartum ko Wadi Sayyidna zai yi Masar, kogin nan yake bi, kuma waɗannan duwatsu su ne tudu na farko da ke gabansa.

Muka tarar da dattijon yana gyaran koma a gindin wata bishiya. Zai yi shekara saba'in da 'yan kai. Hausarsa irin ta da ce, wadda ban ƙara ji ba tun rasuwar kakata, sai dai Larabci na faɗo mata nan da can. Mahaifinsa daga ƙasar Haɗeja ya fito. Bayan mun gaisa ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya kamar ya san su, sai ya dubi ƙafata ya ce, "Ɗana, wannan takalmin naka ai na zuwa ɗaurin aure ne."

Na ce, "Baba, zai yi."

Ya ce, "To, Allah ya sa."

Bai yi ba. Tun ba mu yi rabin sa'a ba duwatsun suka fara nuna mini matsayina. Ba hanya ce sharariya ba, sawun awaki ne da ke bi ta cikin wani busasshen kwari, sannan ya miƙe sama ta kan tsakuwa mai zamewa. Dutsen da ka taka da safe yana da sanyi, kafin hantsi ya zama tanda, ko da yake lokacin sanyi ne. Ƙayar farar ƙaya ta huda tafin takalmin sau biyu. Ruwan da na ɗauko gora ɗaya ce, na shanye fiye da rabi kafin mu kai tsakiya. Dattijon kuwa yana gaba da silifas ɗin taya da sanda, ba ya sauri, ba ya tsayawa, jikansa na biye da shi da jarkar ruwa a kafaɗa. Ni da ke cika baki a gaban makirfo kullum, sai ga shi numfashi ya hana ni ko tambaya. A nan na fara tunanin mutumin da ya yi irin wannan tafiya, ba sa'a biyu ba, shekara biyu.

Da muka kai wata kafaɗar dutse, kogin ya bayyana a ƙasa kamar koren zare, da 'yan gonaki a gefensa, bayansu kuma ba komai sai fari fat har iyakar gani. Dattijon ya tsaya ya nuna wani gangare da sandarsa ya ce, "Ga shi nan."

Na duba ban ga komai ba. A raina na zo ne in ga fiffike da farfela, irin abin da ake gani a fim. Sai da yaron ya tsuguna ya tono wani abu daga tsakanin duwatsu ya miƙo mini. Guntun alminiyan ne, bai fi tafin hannu ba, ya lanƙwashe, da jerin ƙananan huji a gefensa inda ƙusoshi suka taɓa zama. Da ido ya saba sai na fara ganin saura: wani guntun bututu da tsatsa ta cinye, 'yan fasassun gilashi masu kauri, wata waya da ta murɗe. Duka in an tara ba za su cika kwano ba. Ba allo, ba rubutu, ba suna.

Muka zauna a inuwar wani dutse na kunna rikoda, ya ba ni labarin yadda mahaifinsa ya ba shi. Ya ce da la'asar ne habub ta taso, suna bakin kogi suna jan kwalekwale, sai suka ji ƙugin jirgi yana zagayawa a cikin ƙurar, ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo, kamar makaho na laluben ƙofa. Can sai suka ji ƙara ɗaya, shi ke nan. Da safe mahaifinsa da wasu masunta suka hau. Suka tarar da Turawa biyu, duka sun cika, samari ne ƙanana. Suka lulluɓe su da mayafansu, suka jera duwatsu a kewaye saboda kuraye da ungulu, suka aika aka gaya wa hukuma. Sai a rana ta uku sojoji suka zo suka ɗauke su, suka kwance abin da za su kwance, suka bar saura.

Na ce, "Baba, ba su ji tsoro ba? Ga shi ba addini ɗaya ba, ga hukuma."

Ya ce, "Ɗana, gawa ai ba ta da ƙabila. Babana ya ce da ya ga fuskar ɗayan, uwarsa ya tuna, ya ce wata tana can tana jiran wannan."

Sauran jirgin kuwa, ya ce, jama'a ne suka sauko da shi sannu a hankali. Maƙera suka mai da shi ludayi da murfin tukunya da faranti. Mahaifinsa ya samu wani yanki ya ƙera abin kwashe ruwa daga kwalekwale, ya yi ta aiki da shi har ya tsufa. Ya yi dariya ya ce, "Ka ga jirgin sama ya koma jirgin ruwa."

Kafin mu sauko na ba shi labarin ƙanin kakana, da ɗan zaton ko ya taɓa jin mai irin sunan. Ya girgiza kai. Ya ce irinsu ba su ƙirguwa. Wani zazzaɓi ya kayar da shi a hanya, abokan tafiya su yi masa sutura su jera duwatsu su wuce. Wani ya yi aure a wani ƙauye, kunyar komawa hannu rabbana ta riƙe shi har mutuwa. Ya ɗaga hannu muka yi masa addu'a a nan kan dutsen, shi da duk wanda hanya ta riƙe. Na mayar da guntun alminiyan ɗin inda aka tono shi.

Masu suna da marasa suna

Kashegari, ƙafafuna duk sun yi bororo, na tafi maƙabartar sojojin yaƙi da ke Kartum, wadda hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ke riƙe da ita. Wuri ne tsaf, duwatsun kabari a jere sahu-sahu. Kowane da suna, da muƙami, da lambar soja, da ranar mutuwa, da yawa har da shekaru. Na bi masu tambarin sojan sama ina karantawa. Yawancinsu ba su kai shekaruna ba. A gefe guda ga wani bango mai ɗauke da sunayen sojoji kusan 600 da suka mutu a yaƙin gabashin Afirka na 1940 zuwa 1941 ba a san kabarinsu ba. Wato ko wanda ba a ga gawarsa ba, an ga sunansa.

Ban ji haushin samarin nan ba. An turo su ne, sun mutu nesa da gida, kuma kyautatawa ce a rubuta sunan mamaci. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɗaya ɓangaren. Wa ya rubuta sunayen waɗanda suka share filin Kano da na Maiduguri da na Junaina da na Fashir? Wa ya rubuta na waɗanda aka kwasa aikin tilas zuwa haƙar kuza a Jos daga 1942, cikin sanyin da ya kashe da yawansu, don yaƙin nan dai? A 2021 ita kanta hukumar kaburburan ta fitar da rahoto ta amsa cewa a yaƙin duniya na farko aƙalla mutum 116,000, akasarinsu 'yan Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu ba, wasu ma ba a yi musu wata alama ba sam. Ta nemi afuwa. To, wannan na waɗanda suka yi wa soja aiki ke nan. Lebura mai neman guzurin hajji ba ya cikin kowane lissafi tun farko.

Shi kansa Coningham, ƙarshensa abin tunani ne. A watan Janairun 1948 jirgin fasinjan da yake ciki, Star Tiger, ya ɓace a tekun Atlantika kafin ya isa Bamuda, ba a ga ko ƙusa ba har yau. Mutumin da ya fara kawo jirgi Kano ba shi da kabari. Amma an san ranar, an san jirgin, an rubuta littafi a kansa.

A cikin mutanenmu na wancan zamani, wadda sunanta ya tsira a Sudan ta tsira ne ta hanyar sana'ata. An buɗe Rediyon Umdurman a 1940 saboda yaƙin, a wani ɗan ɗaki a gidan waya, ana watsa shiri na ɗan lokaci kullum, jama'a na taruwa a gaban lasifika su ji labarin fagen fama. Ana tsakiyar yaƙin wata mace ta shiga ɗakin ta yi waƙa, abin da wata mace ba ta taɓa yi ba a rediyon Sudan. Ita ce A'isha Musa Ahmad, wadda aka fi sani da A'isha al-Fallatiya, haifaffiyar Kassala, iyayenta mutanen ƙasar Sakkwato ne da hanyar hajji ta kawo. Ta bi sansanoni tana yi wa sojojin Sudan waƙa, ta yi waƙa da Larabci, ta yi da Hausa, ta rasu a 1974. 'Yar matafiya ce kamar dattijon Sabaloka. Bambancinta da dubban 'yan uwanta shi ne, ita an kunna na'ura a gabanta.

Bayan na dawo

A ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Kartum tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF. Cikin 'yan kwanaki sai ga sunan Wadi Sayyidna a bakin kowane gidan rediyo, har da namu: jiragen Faransa da Jamus da Ingila na sauka a filin suna kwashe 'yan ƙasashensu. Ɗalibanmu kuwa motocin safa suka hau suka keta hamada zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a can kafin a ɗauko su daga Aswan a farkon Mayu. Ina karanta labarin a ɗakin watsa shiri, ina ganin taswirar nan ta da a idona: wasu ta sama, wasu ta ƙasa. Ginin Rediyon Umdurman, inda ake ajiye da muryar A'isha da ta dubban wasu, ya faɗa hannun RSF tun farkon yaƙin, sai a Maris 2024 soja suka karɓe shi. A ranar 25 ga Fabrairu 2025 kuma wani jirgin soja ƙirar Antonov ya tashi daga Wadi Sayyidna ya faɗo a kan gidajen jama'a a yankin Karari, mutum 46 suka rasu. Yanzu Umdurman ba ta buƙatar a hau dutse kafin a ga tarkacen yaƙi.

Lambar jikan dattijon ta daina shiga tun damunar 2023. Nakan gwada lokaci zuwa lokaci. Abin da ya rage a hannuna shi ne minti arba'in da ɗaya na muryarsa, da iskar kan dutse tana kaɗa makirfo, da dariyarsa a kan jirgin sama da ya koma jirgin ruwa. Na sa wa 'yan gidanmu ita ranar wata sallah. Da aka zo wurin addu'ar, wata gwaggona ta sa gefen mayafi ta share ido, ta ce wannan ne karo na farko da aka yi wa kawunsu addu'a a ƙasar da ya kwanta.

Saboda haka ga roƙona ga mai karatu. In akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku da ya san wanda ya yi gabas, ko wanda aka ɗiba yaƙin Bama, ko wanda ya yi lebura a filin jirgi, kada ka jira ɗan jarida. Wayar da ke hannunka ta isa. Zauna kusa da shi, ka tambaye shi sunan mutumin, da sunan mahaifinsa, da unguwarsu, da shekarar da ya fita, da gari na ƙarshe da aka ji labarinsa. Ka adana, ka tura wa 'yan uwa. Ni na yi sakaci kakata ta tafi da rabin abin da ta sani, alhali ina da rikoda a jaka tun ina makarantar koyon aikin jarida.

Allah ya jiƙan waɗanda hanya ta riƙe, ya zaunar da Sudan lafiya, ya sa in sake jin muryar dattijon nan yana yi wa takalmina dariya.